Ragon maza da ya yi zuciya

Shekaranjiya da daddare bayan isha'i ina zaune a tsakar gida ina juye hotuna daga memori zuwa kwamfuta, an kawo wuta kenan kowa na ta rububin caji, sai Hajiyarmu ta jawo kujerarta ta zauna kusa da ni ta ce, "To nuna min tsuntsun nan da yayanka ya cika min kunne da labarinsa a waya, wai kullum sai ka yi sammako ka fita nemansa." Na buɗe mata hoton da na fi so a cikinsu duka, wanda ya hau kan dutse ya ɗaga wutsiya ya miƙe tukkunsa yana kallona ido cikin ido. Ta gyara zaman tabarau, ta daɗe tana kallo ba ta ce uffan ba, can sai ta ce, "Wannan ai ragon maza ne da ya yi zuciya."

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Hajiya ba ta taɓa buɗe littafin tsuntsaye ba, amma ido ba mudu ba ya san kima, abin da ta faɗa shi ne ainihin abin da masana suka tabbatar, dangi ɗaya ne su biyun, dangin da Turawa ke ce wa kuku. Duk wanda ya taso kusa da rafi ko gefen lambu a Kaduna ya san ragon maza, mai baƙin kai da doguwar baƙar wutsiya, fikafikai ja kalar jar ƙasa, ƙirji fari-fari, jan ido, wanda kukansa yake gangarowa hu-hu-hu kamar ana tsiyaye ruwa daga kwalba, ba ya son tashi sama sai dai ya yi ta saɗaɗawa cikin ciyawa. To ɗan'uwansa ne na je na tarar a can Amurka, cikin hamada, shi kuma gudu ne sana'arsa.

Yayana ya daɗe a garin Tusan a jihar Arizona, matarsa ta haihu, ƙafar Hajiya kuma ba ta barinta doguwar tafiya, shi ne aka ce ni in je in wakilci gida, sati uku na yi a watan Maris. Ni sana'ata ɗaukar hoton biki ne, kamu da ɗaurin aure da walima, da shi nake ci da shi nake sha, amma tsuntsaye su ne abin da zuciyata ke so, don haka kafin ma in saka kaya a jaka na riga na naɗe kyamarata da dogon gilashina mai zuƙo nesa cikin rawani. Gidan Yaya yana can gefen gari ne inda unguwa ke ƙarewa daji ya fara, ka leƙa ta katangar baya sai tsakuwa da ƙananan itatuwa masu ƙaya da kuma sawaro, dogon itacen nan da yake tsaye kamar turken wutar lantarki ba ganye ko ɗaya sai ƙaya, wani da rassa biyu a ɗage kamar mai kabbara. Yana iya shekara 150 har fiye a raye, kuma sai ya haura shekara 50 kafin ya fara fidda reshe. Hamadar Sonora kenan, wadda ta ratsa daga Meziko ta shigo Arizona, kuma ba irin Sahara ba ce da muke gani a hoto rairayi fetal, wannan cike take da tsirrai da ƙananan halittu.

Kwana na biyu da safe bayan na idar da sallah na fito baya da kofin shayi, sanyi irin na tsakiyar hunturu ana hura hannu, ɗan Yaya mai shekara tara ya biyo ni da bargo a kafaɗa, sai ya taɓa ni a hankali ya ce, "Baffa kar ka motsa, ga shi can a kan katanga." Na ɗaga ido. Tsuntsu ne siriri dogo, daga baki zuwa ƙarshen wutsiya zai kai santimita 60 amma kusan rabi duk wutsiya ce, jikinsa zane-zane ruwan ƙasa da fari da baƙi kamar an yarfa masa fenti, dogayen ƙafafu, baki mai kauri da ɗan lanƙwasa a ƙarshe, ga tukku a ka da yake ɗagawa yana saukewa, a bayan idonsa kuma akwai wata 'yar fata ba gashi mai shuɗi-shuɗi da ruwan lemo. Turawa suna ce masa roadrunner, wato mai gudu a kan hanya. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu 'yar asalin Meziko kuwa paisano take kiransa, da na tambayi ma'ana Yaya ya ce kamar ka ce ɗan garinmu, kuma sunan nan ya kwanta min a rai sosai.

Abin da ya yi shi ne ya sa har yau nake maganarsa. Bai gudu ba. Ya diro daga katanga, ya yi 'yar sassarfa ya tsaya, ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya, ya juya ya dube ni da ɗayan, ya ɗaga wutsiya a hankali ya sauke, ya ƙara matsowa har sai da ya zo kamar taku biyar daga inda nake, yana kallon kofin da ke hannuna yana kallon silifas ɗina kamar mai son sanin daga ina wannan baƙo. Sai ya kaɗa bakinsa ƙaf-ƙaf-ƙaf da sauri, ya miƙar da wuya da wutsiya suka yi layi ɗaya, fit ya bi gefen katanga ya ɓace. Kyamara tana ɗaki. Shekarata nawa ina bin tsuntsaye a bakin kogin Kaduna ban taɓa ganin na daji da ya tako da ƙafarsa ya zo duba ni ba, kullum ni ne mai leƙe su ne masu gudu.

Kwana uku na farko na ɓata su wajen binsa, kuma bin nasa ba ya yiwuwa. Yana gudun kilomita 32 a awa, ka kwatanta da ɗan acaɓa yana tafiya a cikin unguwa, kuma ba miƙewa yake ba, da wutsiyar nan yake juya akala ya yi kwana nan take ya shige ƙarƙashin ƙaya. Yana iya tashi sama amma ɗan kaɗan, daga ƙasa zuwa kan reshe ko daga katanga ya sulalo, shi ke nan. Duk hotunan kwanakin nan wutsiya ce da ƙura, wasu sun yi dishi-dishi, sai da na ƙara saurin ƙyaftawar kyamara zuwa kashi ɗaya cikin 2000 na daƙiƙa kafin ƙafafunsa suka fara fitowa tsaf. Mutanen zamaninmu za su tuna katun ɗin nan da ake sa mana a talabijin muna yara, na tsuntsun da karen daji ke ta bi ba ya kama shi, to wannan tsuntsun aka kwaikwaya, tun 1949 aka fara yinsa. Amma a zahiri karen dajin da suke ce wa koyote, mai kama da dila, ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, yana haura kilomita 60 a awa, kuma tsuntsun gaske bai kai girman na katun ba ko kusa, da ƙyar yake kai rabin kilo. Kukansa ma ba irin hon ɗin mota ba ne, kuka ne mai taushi yana gangarowa ƙasa kamar na kurciya, da na fara ji sai da na waiga ina neman kurciyar.

A rana ta huɗu ne na tuna kakanmu na wajen uwa, maharbi ne, yana ba mu labarin yadda ake ɗaura kan burtu a goshi a durƙusa ana tafiya ana sunkuyar da kai kamar burtu na kiwo har a kusanci nama, yakan ce dabba tsayuwar mutum take tsoro. Sai na daina tsayuwa. Na samu gindin wani ɗan itace a bayan katanga na share tsakuwa na duba ko da kunama, na zauna dirshan a ƙasa rana tana bayana, na ɗora kyamara a gwiwa na yi shiru. Minti arba'in ba komai sai sanyi da ke ratsa wando. Can sai ga shi.

Wannan safiyar ba zan manta da ita ba. Ya hau wani faffaɗan dutse daidai inda hasken rana ya fara sauka, ya juya wa rana baya, ya saki fikafikansa suka ɗan zubo gefe, sannan ya buɗe gashin bayansa ya tashe shi tsaye, sai ga fatar bayan ta bayyana baƙa wuluk da ɗan laushin gashi baƙi a kai. Ya tsaya haka shiru ido a lumshe kamar tsoho ya fito shan hantsi a ƙofar gida. Dalilin kuwa shi ne dare a hamada sanyi ne da shi, shi kuma don kar ya ƙone abincin da ke jikinsa wajen ɗumama kai sai ya bar zafin jikinsa ya sauka cikin dare, da gari ya waye sai ya shanya baƙar fatar nan ta zuƙi zafin rana kyauta, yadda muke shanya baƙar jarka ruwa ya yi ɗumi. Na ɗauki hoto ya fi ɗari a wurin, ina jin ƙarar kyamarar a kunnena kamar za ta kore shi amma ko a jikinsa, sau ɗaya kawai ya buɗe ido ya kalle ni ya mayar. Ina zuƙowa ina ganin kowane gashi ɗaya-ɗaya, har da gashin idonsa, don yana da gashin ido dogaye baƙaƙe, abin da ban taɓa lura da shi a jikin tsuntsu ba sai burtu. Na ce Subhanallah ya fi sau goma ni kaɗai.

Daga ranar muka saba. Ba na cewa ya san ni, amma ya daina ɗaukata abin damuwa, yakan wuce ta gabana yana farauta kamar ni ma dutse ne. Farautarsa kuwa ba wasa, wanda zuciyarsa ba ta da ƙarfi ba zai so gani ba. Na ga ya tsaya cak, ya karkata kai, ya zabura ya cafko ƙadangare ta wuya, ya kai shi kan dutse ya yi ta fyaɗa shi, fyaɗawa ta gaske da dukan ƙarfin wuyansa har sai da ƙadangaren ya saki jiki ƙasusuwan suka yi laushi, sannan ya juya shi ya haɗiye ta kai. Yana cin kunama, yana cin manyan gizo-gizo da ɓeraye da fara da ƙananan tsuntsaye, har macijin nan mai dafi da ke da kacau-kacau a wutsiya yana kashewa ya ci, in macijin ya yi masa tsawo sai ya haɗiye abin da ya samu ya ci gaba da yawonsa sauran na reto a baki, cikin yana narkarwa yana ƙara jan saura a hankali. Wannan na macijin ban gani da idona ba, tsohuwar nan ce ta nuna min a wayarta. Ruwa kuma bai dame shi ba sosai, daga jikin abin da ya ci yake samun yawanci, gishirin da ya yi masa yawa a jiki kuma akwai wasu 'yan ƙofofi kusa da idonsa da yake fitarwa ta nan don kar ya yi asarar ruwa. Komai nasa an auna shi daidai da wurin da aka ajiye shi.

Sati na biyu Yaya ya samu hutu ya kai mu gandun dajin sawaro na gwamnati, kashi biyu ne ɗaya gabas da gari ɗaya yamma, mu na yamma muka je. A can doka ce ba a ba dabba abinci, kuma na ji daɗin dokar, don a unguwa akwai masu jefa wa tsuntsun nan niƙaƙƙen nama don ya saba da ƙofarsu, alhali shi da ƙashi da fata da komai yake haɗiye abincinsa, tsokar zalla ba ta ba shi abin da ƙashinsa ke buƙata. Ni a ra'ayina hoton da aka saya da nama ba hoto ba ne, ko da ya yi kyau.

A wani busasshen rafi a cikin gandun ɗan Yaya ya durƙusa ya ce, "Baffa zo ka ga sawunsa, ka faɗa min ina ya nufa." Na duba na duba na kasa. Yatsunsa huɗu ne, biyu gaba biyu baya, don haka sawun yake fitowa kamar alamar sau ta lissafi, ba ka sanin gaba ba ka sanin baya. 'Yan asalin yankin, Hopi da sauran ƙabilun Pueblo, sun ɗauki alamar nan da muhimmanci tun da, suna zana ta a matsayin kariya, a ganinsu mugun abu ba zai iya bin sawun da bai san inda ya dosa ba. Na tsaya ina tunanin masu bin sawu na garuruwanmu da ake kira in an yi sata, ko su wannan sai ya ba su aiki. Maƙwabciyar jihar ma, Niyu Meziko, shi ta zaɓa ya zama tsuntsun jiha tun 1949.

Hoton da ya fi ba ni wahala kuma ya fi faranta min rai saura kwana uku in taho na same shi. Ashe namu na bayan katanga yana da mata. Na gan shi da ƙadangare a baki amma bai haɗiye ba, yana ta sassarfa da shi yana reto, na ce yau kuma lafiya, sai ga ta ta fito daga ƙarƙashin ƙaya, kamarsu ɗaya sak ba ka bambance su. Ya je gabanta ya sunkuyar da kai, ya shiga kaɗa wutsiya hagu da dama, yana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa, ƙadangaren nan dai na bakinsa, toshi ne ya kawo. Ni da na shekara goma sha ina ɗaukar hoton kayan lefe sai na ji abin ya taɓa ni ta wani wuri daban. Suna zama da juna shekara da shekaru, tare suke gina sheƙa a cikin ƙaya ba can sama sosai ba, ta yi ƙwai farare kamar uku zuwa shida, kwana 20 ana kwanci, kuma namijin ne yake kwana a kan ƙwan da dare, don shi a lokacin ba ya barin zafin jikinsa ya sauka. Ban nemi sheƙar ba, ban ma so in san inda take ba, hoton toshin ya ishe ni.

Tunda na dawo abu ɗaya ke ta cin raina. A jirgin ƙasa daga Abuja zuwa Rigasa ina ta kallon daji ta taga ina tambayar kaina me ya sa namu ba sa tsayawa. Amsar kuma na san ta, don ni ma na riƙe danƙo ina yaro, duk wani mai fiffike a unguwarmu ya san hannun yaro in ya ɗaga, kurciya ko ta ga ka sunkuya ɗaukar abu a ƙasa ta tashi. Ga gefen kogi da ake ta cinyewa da gini, wuraren da nake zuwa ta bayan Malali da Unguwar Rimi shekarun baya duk ciyawa da lambu yanzu rabi fulotai ne, ga gandun Kamuku can ta Birnin Gwari da na daɗe ina burin shiga da kyamara rashin tsaro ya hana. Abin yana min ciwo ƙwarai, don tsuntsayenmu ba su gaza na kowa kyau ba, wanda ya taɓa ganin gauraka ko shamuwa ta sauka farkon damina ya san haka. Kuma ni kaina sai da na yarda cewa ragon maza ban taɓa ba shi lokacina ba, ina jin kukansa in wuce ina neman masu launi, sunan da aka laƙa masa ma ya sa ana raina shi, alhali shi ma mafarauci ne, yana cin ƙadangare da fara da ƙananan macizai, shi ma da kansa yake gina sheƙarsa ya yi renon 'ya'yansa ba kamar wasu danginsu da ke zuba ƙwai a sheƙar wani ba.

Shi ya sa maganar Hajiya ta hana ni barci. Jiya aka yi ruwa da dare, yau ina idar da asuba na ɗauki kyamara na hau mashin na gangara bakin kogi wajen masu lambu. Na samu gindin wani mangwaro kusa da kwarin da ciyawa ta yi duhu, na zauna dirshan a jiƙaƙƙiyar ƙasa rana tana bayana. Wani dattijo mai lambu ya zo wucewa da fartanya a kafaɗa ya tsaya ya ce, "Malam lafiya dai ko?" Na ce, "Lafiya lau Baba, ragon maza nake jira." Ya yi murmushi ya nuna min wani kurmin ciyawa da haɓa ya ce, "In dai shi ne yana nan, bari rana ta ɗan ɗago, in ya jiƙe sai ya fito shanya."

Haka kuwa aka yi. Wajen bakwai da rabi na ji hu-hu-hu daga cikin ciyawa, can sai ga shi ya hau wani karan dawa da ya karkace, jiƙe sharkaf, ya juya wa rana baya ya saki jajayen fikafikan nan ya baza wutsiya. Hannuna har rawa yake. Bai matso ba, tsakaninmu ya kai taku talatin, kuma ina ɗan gyara gwiwa ya kalle ni da jan idon nan ya sulale ƙasa, hoto bakwai kawai na samu biyu ne masu kyau. Da na tashi na je inda ya sauka, a kan taɓon da ruwa ya lafar ga sawunsa nan ɓaro-ɓaro, biyu gaba biyu baya, na durƙusa na ɗauka na tura wa ɗan Yaya a WhatsApp na rubuta masa, faɗa min ina ya nufa.

Hajiya ta ce in wanko mata su biyun, na can da na nan, girma ɗaya, a saka mata a firam ɗaya ta rataye kusa da hoton jaririn. Na ce ta ɗan ƙara min lokaci, na nan ɗin bai fito yadda nake so ba tukuna, dattijon ya ce in dawo ranar Asabar in zauna ta ɓangaren masararsa, ta nan ya fi kusa da inda yake fitowa.